Wasiƙa daga Birmingham kan hannun ɗanmu

Birmingham, daren Lahadi

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Hajiya da yara. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara masa sauƙi, ya sa kaffara ne. Ka gaishe min da mutanen majalisa baki ɗaya.

Jiya na je Coventry na ga ɗanmu da idona, kamar yadda na yi maka alkawari. Ka kwantar wa Hajiya hankali. Yana tafiya da ƙafarsa, yana cin abinci, mun yi la'asar tare. Karayar da ya samu lokacin da babur mai kai abinci ya buge shi yana tsallaka titi, a wuyan hannun dama take, an sa masa filasta daga tafin hannu har kusa da gwiwar hannu, yatsun kuma da sauran kumburi. Ya dage sai shi zai zuba min shayi da hagu, hannun na rawa, rabi ya shiga kofi rabi ya malale a tebur, sai ya sunkuyar da kai bai ce komai ba. A nan na gane ciwon ya fi yadda yake gaya muku a waya. Kwamfutarsa tana gefen gado, fuskarta ta tsage tun daga wannan kusurwa har waccan. Aikin rumbun kayan da yake yi awa 20 a mako, wanda da shi yake biyan kuɗin ɗaki, ya tsaya tun ranar da abin ya faru.

Ya nuna min ambulan ɗin da mai babur ɗin ya kawo masa. Fam 300 ne a ciki, da wata takarda da aka rubuta da biro cewa ya karɓa kuma magana ta mutu, saura sa hannu kawai. Ya ce ka umarce shi ya karɓa ya yafe, a bar wa Allah, baƙo ba ya shari'a a garin mutane. Na roƙe shi ya dakata har in rubuto maka. Ka gafarce ni da na shiga tsakaninka da ɗanka, amma da in yi shiru gara ka yi fushi da ni.

Na san abin da ke ranka. Kana tausayin mai babur ɗin, kuma ka yi gaskiya, abin tausayi ne. Shekara 17 ina tuƙa tasi a garin nan, kullum ina ganinsu a ƙofar gidajen abinci cikin ruwan sama, akwati a baya, ido a kan waya, ana biyansu gwargwadon abin da suka kai. Wannan ma sa'an ɗanmu ne, bai gudu ba, ya tsaya har motar asibiti ta zo, ya ba da sunansa da adireshinsa kamar yadda doka ta ce. Amma lissafin da kake yi na gida ne, inda in aka ce a biya, sai mutum ya sayar da babur ɗinsa ko danginsa su yi karo-karo. A nan dokar hanya ta 1988 ta wajabta wa duk abin hawa mai inji inshora, kuma in mutum aka ji wa rauni, inshorar nan ba ta da iyakar adadin da za ta biya. Kamfanin inshora ne ake nema, shi ke da lauyoyi, shi ke fitar da kuɗi. Domin irin wannan ranar ya karɓi kuɗin mai babur tun farko.

Sai dai ba zan ɓoye maka inda gizo ke saƙar ba. Inshorar da mutum ke yanka don zirga-zirgar kansa daban, wadda ake yanka don ɗaukar kaya ko fasinja a biya ka daban, kuma ta biyun ta fi tsada nesa ba kusa ba. Ita nake biya duk shekara, na san zafinta. Da yawa cikin yaran nan ta farkon suke da ita, suna kai abinci da ita a ɓoye. Ambulan ɗin nan ya sa na yi zargin haka lamarin yake. Ko da hakan ne, haƙƙin ɗanmu bai faɗi ba. Akwai wata hukuma, Motor Insurers' Bureau, da ake kira MIB, wadda aka kafa tun 1946. Duk kamfanonin inshorar motoci na zuba mata kuɗi, aikinta kuwa biyan wanda marar inshora ya buge, ko wanda aka buge aka gudu. A shafinta na intanet, da lambar babur da ranar haɗari, ana gano kamfanin da ya yi masa inshora. Ɗanmu ya yi hankali, abokinsa ya ɗauki hoton lambar tun babur ɗin yana kwance a titi. Abin da ya kamata ka sani kafin ka yanke shawara shi ne, in ta tabbata ba shi da inshorar da ta dace, waɗanda suka biya suna da ikon komawa kansa su nemi kuɗinsu. Tuƙi ba inshora kuma laifi ne da 'yan sanda ke iya cin tarar fam 300 da maki 6 na laifi a lasisi, ko su kai mutum kotu. Wannan ɓangaren ba a hannunmu yake ba. Tunda an ji rauni kuma 'yan sanda sun zo wurin sun buɗe fayil, ko mun yafe ko ba mu yafe ba za su yi aikinsu.

Ka tambaye ni a waya me ya sa ba za a kama kamfanin da yake kai wa abincin ba, tunda akwatinsu ne a bayansa. Ni ma da haka na ɗauka. Kamfanonin nan cewa suke yi masu kai musu kaya ba ma'aikatansu ba ne, kowa cin gashin kansa yake yi. A watan Nuwamba na 2023 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a wata ƙara da ƙungiyar ƙwadago ta shigar game da masu kai abinci na Deliveroo, ta ce ba alaƙar ma'aikaci da ubangida ba ce tsakaninsu, babban dalili kuwa shi ne kowannensu na da damar sa wani ya yi aikin a madadinsa. Shari'ar ba kan haɗari aka yi ta ba, amma ta nuna maka wuyar wannan hanya. Shi ya sa ake fara bin inshorar abin hawan. Da keke ne na ƙafa ya buge shi, da maganar ta fi haka wuya, domin keke ba a wajabta masa inshora ba. Keken lantarki kuma, in injinsa ya wuce wat 250 ko yana tura mutum fiye da mil 15.5 a awa, doka babur take ɗaukarsa. Namu dai babur ne mai lamba, wannan ya sauƙaƙa.

Ɗanmu ya gaya min wani abu da ya ji nauyin gaya maka: akwai abin sauraro a kunnensa lokacin da yake tsallakawa. Yana tsoron wannan ya kashe maganar. Bai kashe ba. A kan zanen baƙi da fari na masu tafiya a ƙasa yake, ya riga ya sa ƙafa a kai, kuma a nan wajibi ne mai abin hawa ya tsaya. In ma an ga yana da nasa sakacin, tun 1945 dokarsu ta ce a rage diyya gwargwadon kasonsa na laifin, ba a hana shi gaba ɗaya ba. Na ce masa ya faɗa wa lauya wannan da bakinsa tun ranar farko, kada kuma ya ƙara wa ciwon gishiri ko kaɗan. Akwai doka ta 2015 da ta ba alƙali ikon watsar da ƙara ɗungurungum in ya gano mai nema ya yi ƙarya a gindin maganar, har da ɓangaren da yake gaskiya.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne takardar nan ta sa hannu, da kuma 'yar'uwarta da na tabbata tana tafe. Kamfanin inshora kan bugo waya da wuri, da murya mai daɗi, ya yi tayin kuɗi kafin likita ya rubuta rahoto. Wanda ya karɓa a matsayin biya na ƙarshe ya rufe ƙofa, ko da bayan wata shida hannun ya ƙi lanƙwasuwa. Wuyan hannu kuwa ba wurin wasa ba ne, ga shi na dama, ga shi yaron injiniya zai zama. Fam 300 ko kwamfutar ba za su saya ba. Abin da doka ta ba shi ya haɗa da diyyar ciwon da wahalarsa, da albashin da ya rasa, da kuɗin kwamfuta, da na tasi zuwa asibiti, da na gashin ƙashi, har da ɗawainiyar abokin ɗakinsa da ke dafa masa abinci yana taya shi sa riga. In kamfanin ya amsa laifi, ana iya neman ya ba da wani abu kafin a kammala, don kuɗin ɗaki kada ya taru.

Wa'adin shigar da ƙarar rauni a Ingila shekara 3 ne daga ranar haɗari. Kada wannan ya sa mu miƙe ƙafa. Akwai kanti a daidai wurin, na tsaya na ga kyamararsa tana kallon titi, kuma irin waɗannan hotuna yawanci cikin 'yan makonni ake goge su. Mun shiga tare mun roƙi mai kantin ya adana na ranar, ya ce a kawo masa buƙatar a rubuce. Matar da ta riƙe masa kai kafin motar asibiti ta zo ta bar lambar wayarta, ita ce shaidarmu. Na saya masa ƙaramin littafi, ya riƙa rubuta da hagu ko abokinsa ya rubuta masa: ranar da ciwo ya hana shi barci, ranar da ya rasa lacca, ranar da ya koma ganin likitan ƙashi. Rasit duka da takardun albashinsa na watannin baya mun zuba a jaka ɗaya. Na kuma ce gobe ya sanar da makaranta a rubuce, don a ɗaga masa jarrabawa.

Maganar kuɗin lauya kada ta dame ka, ba sai ka sayar da komai ba. Yawancin lauyoyin rauni a nan suna aiki ne bisa sharaɗin in ba a ci ba, ba biya. In an ci, suna cire ladansu daga diyyar, kuma doka ta hana ya wuce kashi 25 cikin 100 na diyyar ciwo da asarar da ta riga ta wuce. Wani lokaci akwai kuɗin wata inshorar shari'a da ake cirewa daban, shi ya sa zan zauna da shi mu karanta yarjejeniyar layi-layi kafin ya sa hannu. Za mu duba sunan lauyan a rajistar hukumar da ke kula da lauyoyi, masu bugo waya haka kawai suna cewa sun ji an yi haɗari kuwa na ce ya kashe musu waya. Yawancin irin wannan magana a takarda take ƙarewa, ba a kai ga tsayawa gaban alƙali ba. Bizarsa ma ba abin da zai taɓa ta. Diyya daga kamfanin inshora ba ta cikin tallafin gwamnati da aka hana ɗalibai karɓa.

Saura maganar yafiya, wadda na san ita ce ta fi tsaya maka a rai. Kai ka fi ni karatu, ka zauna gaban malamai ni ina yawon duniya. Amma tare muka ji a zaure cewa raunin kuskure yana da diyyarsa a shari'a, kuma a babban kuskure dangin mutum ne ke ɗaukar masa nauyin, don kada a karya shi shi kaɗai. Yafewa alheri ne babba, sai dai mai haƙƙi ne ke yafewa, bayan ya san abin da yake yafewa. Hannun na ɗanmu ne, shekararsa 22, shi zai rayu da shi. Jiya da na tambaye shi ra'ayinsa, cewa ya yi shi bai riƙe mai babur ɗin a zuciya ba, ya yafe masa tun a asibiti, amma yana kwana yana tunanin kuɗin ɗakin wata mai zuwa, kuma ba ya so ya tambaye ka saboda ya san yadda canji yake a gida. Biyayya ce ta sa zai sa hannu, ba don ya gamsu ba. In zuciyarka ba ta natsu da kuɗin inshora ba, ka kai wa Malam tambayar yadda take, ka gaya masa wajibi ce hukuma ta ɗora wa kowane mai abin hawa, kuma yaronmu shi ne aka ji wa rauni.

Abin da nake roƙonka guda ɗaya ne. Ka kira shi da kanka ka ce ka ba shi izini ya mayar da ambulan ɗin cikin mutunci, ya ga lauya. Ni zan raka shi wurin mai babur ɗin, in yi masa bayani da bakina cewa ba gaba muke yi da shi ba. Na ɗauki hutun ranar Alhamis don mu je ofishin lauyan tare, daga nan in taho da shi gida ya yi kwana biyu, uwargida ta ce za ta yi masa tuwon shinkafa da miyar kuka.

Ka kira ni bayan isha'i, lokacinku, ko da ina kan hanya zan tsaya in ɗauka. A gaida Hajiya, a ce mata na ga ɗanta yana dariya. A duba min Baba.

Naka amini har kullum.