Shawara ga matasan matuƙanmu kan zaɓin jirgin yaƙi

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan yaranmu da ke kammala koyon tuƙi a rundunar sojin sama ta Najeriya. Gyaran jirage na yi har na yi ritaya, shi ya sa iyaye kan turo min 'ya'yansu neman shawara.

Yaro ya fara da ƙaramin jirgi a Kaduna, ya wuce Kano ya hau jirgin koyon tuƙi na L-39, sai ka tambaye shi inda ransa yake, ya ce jirgin yaƙi na JF-17. Ban ga laifinsa ba, jirgi ne mai gudun da ya wuce na sauti, kowa na son a gan shi a ciki. Amma guda uku aka sayo daga Pakistan, aka ƙaddamar da su a Makurdi a 2021. Matuƙa nawa ne za su raba jirgi uku, alhali kowane jirgi yana da lokacin da dole ya kwanta a duba shi? Matuƙi kuwa da yawan tashi yake nuna. Wanda ke zaune a ƙasa yana jiran layi, hannunsa sanyi yake yi komai ƙwazonsa.

Abin da ke ci min rai shi ne yadda wasu ke raina jirgin yaƙi na Super Tucano don farfela gare shi. Goma sha biyu aka kawo daga Amurka a 2021, suna Kainji. Yana daɗewa yana shawagi a kan daji, tashinsa ba ya cin kuɗi kamar na manyan jirage, kuma irin yaƙin da muke yi a Borno irin nasa ne. Sojan da aka yi wa kwanton ɓauna jirgin da zai tsaya a kansa yake nema, ko mai saukar ungulu da zai ɗauke shi in ya ji rauni. Masu zuwa Inugu koyon tuƙin jirgi mai saukar ungulu sun cancanci girmamawa. Aikin duka sayar da rai ne: a Yulin 2021 'yan bindiga suka harbo jirgin yaƙi na Alpha Jet a iyakar Zamfara da Kaduna, Allah ya kuɓutar da matuƙinsa, Abayomi Dairo.

Sai maganar bayan aiki, wadda yara ba sa son ji. Kamfanonin jirage sa'o'in tashi suke ƙirgawa. Mai tuƙa jirgin jigila irin C-130 yakan tara su da yawa, mai jirgin yaƙi kuwa tashinsa gajere ne. A gaya wa yaro wannan tun kafin ya bayyana ra'ayinsa, ko da yake rundunar ce ke da maganar ƙarshe.

Roƙona ga hukuma: tunda an yi odar jiragen yaƙi na M-346 guda 24 daga Italiya, a haɗa da kayan gyara da na'urorin koyon tuƙi a ƙasa, a horar da makanikai tun da wuri. A kuma kyautata wa ƙwararrun da suka yarda su koma Kaduna da Kano koyarwa, da alawus da ƙarin girma, don kada kamfanoni su kwashe mana su.

Wassalam.

Tsohon makanikin jiragen sama,
Mando, Kaduna