Wasiƙa zuwa Bawku: kada ka sake sayen masta

Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum Alhajina,

Ina gajiya, ina iyali? Wata da watanni shiru, sai da tsohuwar Land Rover ɗinka ta ƙi tsayawa sannan ka tuna kana da aboki a Suame Magazine, unguwar makanikan Kumasi. To, na ji saƙonka, kuma hankalina ya tashi, don motar nan kana ɗaukar mutane da buhunan albasa a cikinta. Ka ce an canza masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa ƙafafun mota, fedar birki na nan tana tafiya ƙasa, yaronka kuma ya ce a sake sayen wata. Don Allah ka riƙe kuɗinka tukuna.

Fara da ƙafarka, ita za ta gaya maka ciwon. In ka taka feda ta yi nisa, amma da ka sake takawa da sauri ta taso ta yi tauri, to shu ne, takalmin birki, ya yi nisa da duram, gangar da yake kamawa, ba laifin masta ba ne. In ta yi laushi kamar ka taka soso, iska ce a cikin man. In kuwa ka danne ta a hankali tana zamewa ƙasa, alhali babu yoyo ko'ina kuma man bai ragu ba, wannan ne kaɗai robar cikin masta ta mutu.

Ga gwajin da zai raba gardama. Motar na da tiyon roba uku, biyu a gaba, ɗaya a kan akis na baya. Ka matse su duka da abin matse tiyo, ko filaya da aka naɗe bakinta da tsumma don kada ta yanke. Taka feda. In ta tsaya sama ƙam, masta lafiyarta lau. Sai ka riƙa sakinsu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka saki feda ta faɗi, a ƙafarsa matsalar take.

Ni gaba nake zargi. Taka doguwar ce, 109, duram ɗinta inci 11, kuma kowace ƙafar gaba silinda biyu gare ta, da ɗan bututu mai haɗa su. Nan iska ke maƙalewa, a yi ta bugawa har yamma ba ta fita. Kafin cire iska ka mayar da ajasta, abin matso da shu kusa da duram, baya gaba ɗaya don fistin su koma ciki, wurin ɓuyan iskar ya ragu. Fara daga ƙafar da ta fi nisa da masta. Tiyo mai haske a kan nifil, ɗan kusar fitar da iska, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan mai, yaro ya taka a hankali, ka rufe kafin ya ɗaga ƙafa. Kada tankin man birki ya bushe, in ya bushe kun koma farko. Sabon man birki DOT 4 daga gwangwani rufaffe, ba na kwalbar da ta kwana buɗe ba, don man birki na shan damshi. Baƙin mai kuwa ko ɗigo kada ya shiga, kumbura robobi yake yi. Na san ka da tsumulmula, Alhaji, amma ba a nan ba!

Af, mai shayin bakin gareji ya aurar da 'yarsa, an ci waakye har an ture, kuma ya ce bashinka na nan a littafi.

Bayan iska ta fita, ɗaga kowace ƙafa da jak, ka sa mata abin tokara. Juya ajasta har duram ya kama, sannan ka sassauta kamar ƙas biyu har taya ta juya da hannu. Ajasta biyu ne a kowace ƙafa, mutane na yin ɗaya su manta ɗaya. Tunda ka buɗe, duba shu na baya: na gaba da na bayansa ba iri ɗaya ba ne, in aka musanya su ajasta ba za ta kama daidai ba. Ka shafa yatsa cikin duram. In an sha karta shi har ya faɗaɗa, sabon shu tsakiyarsa kaɗai zai taɓa, feda kuma ba za ta yi tauri ba komai cire iska. Sai wani duram.

Ka kuma ce tana fizgar hagu. Buɗe ƙafar dama. Galibi oyil sil na hob, robar da ke tare mai a cibiyar taya, ne ya saki, mai ya jiƙa shu, gefen ya daina kamawa. Kada ka wanke da fetur ka mayar, man ya riga ya shige ciki. Canza sil, canza shu na gefe biyun tare.

Wanda ya ɗaura sabuwar mastar, ya bar wasa a sandar da ke tura ta? Ana so kamar milimita 1.5. In babu, man ba ya komawa tanki, duram ya yi zafi, birki ya riƙe motar a kan hanya. Da damina kuma, in ka fito daga ruwa, ka ɗan danne feda kana tafiya a hankali har shu ya bushe.

Har ka gama, kada ta hau titin Bolga da kaya. Gaya mini tiyon da ya faɗar da feda, in silinda ce zan nemo a Magazine in ba motar dare. A gaida Hajiya da autanka.

Naka har kullum.