Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Python

Assalamu alaikum, 'yan uwa.

Tarukan wata-wata sun gudana yadda aka saba, ban da na watan azumi.

Babban abin alfaharinmu bana shi ne zaman gyaran manhajar kuɗin ƙungiya. Kun san yadda take a da: aji ɗaya (class, wato ɓangare guda na rubutun manhaja a harshen Python) ne ke karanta fayil ɗin CSV mai ɗauke da bayananmu layi-layi, shi ke lissafin bashi, shi ke buga rasit. Kafin a taɓa ko layi ɗaya sai da aka rubuta gwaje-gwaje da pytest, kayan gwada manhajar Python, don a kama halinta na yanzu, domin manufar zaman ita ce a tsabtace rubutun ba tare da sakamako ya canja ba. Daga nan aka raba ta gida uku: Mamba, Asusu, da ɓangaren karatu da ajiyar fayil.

Gwajin ne ya tono wani tsohon ciwo. A wurin da ake ƙirƙirar sabon mamba an rubuta def __init__(self, suna, biya=[]), inda [] yake nufin jerin biya wanda babu komai a cikinsa. Python sau ɗaya yake gina wannan jerin, lokacin da ya karanta def ɗin, don haka duk mamban da aka shigar ba tare da an ba shi nasa ba, jeri guda suke rabawa. Mutum ɗaya ya biya, sai ya bayyana a sunan saura. Waɗanda suka riƙa cewa "ai kwamfuta ta nuna na biya", ga amsarku. Wannan gyaran kuskure ne, ba tsabtace rubutu ba, shi ya sa aka ajiye shi daban a Git, inda ake adana tarihin canje-canjen manhaja. Yanzu Mamba dataclass ne, wato aji na riƙe bayanai, wanda ya zo da Python 3.7 a 2018, kuma jerin yana fitowa ta field(default_factory=list), mai ba kowane mamba sabon jerinsa. In ma wani ya sake sa [] kai tsaye, dataclass zai ƙi karɓa.

Kuɗi kuma an fitar da su daga float, wato lamba mai ɗigo, inda 0.1 + 0.2 ke ba da 0.30000000000000004. Da kwabo ake ajiye su, cikakkiyar lamba, sai wajen buga rasit a mayar naira. An share get_suna() da set_suna(), masu ɗauko suna da sauya shi irin na harshen Java. Bashi ya koma @property, ana lissafa shi duk lokacin da aka nema, ba a adana shi balle ya saɓa da jerin biya. "Biya", "biya" da "ya biya" da suka watsu ko'ina sun haɗe a Enum guda, wato ƙayyadadden jerin zaɓi, fayil kuma da with ake buɗe shi, wanda ke rufe shi da kansa in an gama. Bayan kowane canji sai an sake gwaji. Allah ya saka wa waɗanda suka zauna har magariba.

Mayar da bayanan daga CSV zuwa rumbun ajiya na SQLite bai yiwu ba, kuma ba sakacin kwamiti ba ne: waɗanda suka ɗaga hannu za su yi, tun ranar ba a sake ganinsu ba. Saƙon tunatarwa ta waya ma ya tsaya, don kuɗi ake biya kafin a tura, alhali hayar ɗaki da man janareta na ranar zaman daga aljihun 'yan kwamiti suka fito. A WhatsApp kowa na da shawara, amma in aka ambaci kuɗin wata sai tsit.

Jerin masu bashi, na gaskiya wannan karon, yana hannun ma'aji. Duk wanda bai biya ba kafin taro na gaba ba zai kaɗa ƙuri'a a zaɓen shugabanni ba.

Sakataren Kuɗi