Hujjojin da ba sa ɗaukar nauyin da muke ɗora musu

Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Mu malaman Littafi Mai Tsarki ne a nan Yamai, mun kuma gaskata cewa littafin nan hurarre ne daga Allah. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi magana da ƴan'uwanmu masu wa'azi da malaman makarantar Lahadi, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Akwai hujjojin da muke ba matasa su kare Littafin da su, alhali ba su da ƙafar tsayawa. Yaro ya haddace, ya shiga Jami'ar Abdu Mumuni, abokin karatu ya jefo masa tambaya guda, hujja ta rushe, shi kuwa ya ɗauka bangaskiyarsa ce ta rushe. Wannan abu yana ci mana rai ƙwarai.

Ga saƙon nan da ke yawo a WhatsApp, wai Zabura 118 ce tsakiyar Littafi, da sura 594 a gabanta, 594 a bayanta, jimla 1,188, wai da wannan lamba Allah ya nuna Zabura 118:8. A ɗauki alƙalami a ƙirga. Littafi mai littattafai 66 yana da sura 1,189, ta tsakiya ita ce ta 595. Daga Farawa zuwa ƙarshen Ayuba sura 478 ne. A ƙara 117, an kai 595. Ashe Zabura 117 ce a tsakiya. Ko da lissafin ya yi daidai ma, annabawa da manzanni ba su rubuta da lambobi ba. Istifanus Langton na Ingila ya tsara surorin a farkon ƙarni na 13, ayoyin Sabon Alkawari kuwa Robar Estiyen ya fito da su a bugunsa na 1551. Ga kuma ƴan'uwa Katolika da littattafai 73, tsakiyarsu tana wani wuri dabam.

Sai 2 Timoti 3:16, inda aka ce kowane Nassi hurarre ne na Allah. Ga mai bi, ayar nan koyarwa ce mai nauyi. Ga wanda bai riga ya yarda da Littafin ba, an kawo masa wanda ake tuhuma ne a matsayin shaida, kuma ba alƙalin da zai karɓi haka. A duba aya ta 15 ma: Nassosin da Timoti ya sani tun yana yaro ake nufi, wato Tsohon Alkawari. Jerin littattafai 27 na Sabon Alkawari daidai yadda muke da shi, a wasiƙar Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ta shekarar 367 ya fara bayyana.

Wadda ta fi yaɗuwa ita ce yawan kofe: akwai rubuce-rubucen hannu na Helenanci sama da 5,000, saboda haka Littafin daga Allah yake. Adadin gaskiya ne, amma a faɗa wa yara sauran labarin. Akasarin kofen daga ƙarni na 9 zuwa sama aka rubuta su. Guntun da aka fi ambata a matsayin mafi tsufa, mai lamba P52, yana ajiye a Manchesta. Tsawonsa wajen santimita 9 ne, faɗinsa 6, bai cika tafin hannu ba, ƴan layuka ne kawai daga Bisharar Yahaya sura 18. Manyan kundaye biyu na ƙarni na 4, na Sina'i da na Batikan, sun rufe Markus a 16:8, babu aya ta 9 zuwa 20. Labarin matar da aka kama da zina, Yahaya 7:53 zuwa 8:11, shi ma babu shi a cikinsu. Yawan kofe yana taimaka wa masana su gano abin da marubuci ya rubuta, aiki ne mai daraja. Bai faɗi wanda ya hure marubucin ba.

Ishaya 40:22 kuma, wanda ake cewa ya nuna duniya kamar ƙwallo take, a bar ɗora masa ilimin kimiyya. Kalmar Ibranancin da ke ayar da'ira take nufi. Da annabin ya so ambaton ƙwallo a 22:18, wata kalma ya ɗauko. Haka dutsen da aka tono a Kaisariya a 1961 mai ɗauke da sunan Bilatus, gwamnan Romawa da ya yi wa Yesu shari'a: ya tabbatar an yi gwamnan, iyakarsa ke nan.

Kafin malami ya kai hujja gaban ɗalibai, ya tantance me take tabbatarwa: sahihancin kofe, ko tarihi, ko hurarwa, domin abubuwa uku ne dabam. Ya buɗe surar ya karanta ayoyi biyar kafin ayar da biyar bayanta. Idan akwai lissafi, ya ƙirga da hannunsa. Sa'an nan ya tambayi kansa: in maƙwabcina ya kawo mini irin wannan hujja kan nasa littafin, zan karɓa? In amsar a'a ce, a ajiye ta. Muna kuma roƙon fastoci su buɗe Markus 16 tare da matasa a cikin majami'a, su bayyana musu batun ayoyin nan goma sha biyu da bakinsu, tun kafin su ji shi a salula daga bakin wani.

Mun gode, Malam Edita.

Wasu malaman Littafi Mai Tsarki,
Yamai