Sanarwa kan kayan karatun da muke ɗorawa a Moodle

Assalamu alaikum malamai, barkanmu da war haka.

Za mu zauna ranar Laraba da ƙarfe 2:30, bayan sallar Azahar, a ɗakin taro na sashe. Maganar ɗaya ce: abin da muke ɗora wa ɗalibai a Moodle da Google Classroom, wato manhajojin karatu ta intanet.

An lura akwai kwasa-kwasan da aka zuba musu littattafai sukutum, an ɗauki hotonsu shafi-shafi da waya, wani ma har da hatimin laburare a bangonsa. Kowa ya san littafi ya yi tsada, yaran da ke zuwa daga Rimi da Batagarawa da ƙyar suke haɗa kuɗin mota. Sai dai Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta yi rangwame ne ga ɗaukar abin da bai wuce kima ba don karatu da bincike. Littafi ɗungurungum ya wuce gona da iri. Tsufan littafi ma ba hujja ba ne, haƙƙin yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci.

Don Allah kafin Laraba kowa ya duba kwas ɗinsa, ya sauke irin waɗannan. Ɗan yankin da za a bari a rubuta masa sunan marubuci da na littafin da shekarar bugu. Idan muƙala tana shafin mawallafinta kyauta, a sa adireshin shafin kawai. A kuma ja kunnen ɗalibai kan tura bidiyon lacca zuwa wasu rukunonin WhatsApp.

Wanda ke da uzuri ya sanar da ni. Allah ya kai mu lafiya.

Naku,
Sakataren sashe