Sanarwa: nokton ɗin Chopin na wannan watan

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka. Wannan watan a atisayenmu na fiyano nokton (kiɗa mai taushi na yanayin dare) na mai tsara kiɗa Chopin za mu ɗauka, wato na 2 a jerin ayyukansa mai lamba 9 (Op. 9 lamba 2), wanda aka wallafa a 1832, kowa ya kaɗa a fiyanonsa ko kibod ya turo bidiyo kafin Juma'ar ƙarshen wata.

Abin da nake so mu saurara shi ne rubato, wato jan lokaci da sakinsa, don jiya na saurari yadda makaɗin fiyano Rubinstein ya kaɗa shi sai na ga hannun hagunsa tafiya kawai yake a natse, na dama ne ke ɗan jinkiri ya dawo, ni kuwa nawa da na sake ji wallahi kunya ta kama ni, duk inda adon waƙar ya yi yawa hannu biyun tare suke tsayawa kamar mota a go-sulo. Feda ma, wato abin da ake takawa da ƙafa don sautin ya daɗe, na danne ta har sautin ya cakuɗe.

Don Allah a ajiye waya a gefe yadda za mu ga yatsu, a kashe fanka. Wanda kibod ɗinsa ba feda ya turo hakanan, ba komai. Kiɗan Träumerei na mai tsara kiɗa Schumann sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.