Darasin minti 80 da yaran da ke gyangyaɗi a bayan aji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana malaman makaranta, da kuma masu tsara mana jadawalin darussa. Ni malamin lissafi ne a wata sakandaren gwamnati a Kano, kuma na daɗe ina shaƙar ƙurar alli.

Darasi ɗaya a sakandare minti 40 ne. Amma lissafi da Turanci da darussan kimiyya sau da yawa haɗa biyu ake yi, ya zama minti 80 a zama guda. Idan 'yan ajin ƙarshe suka doshi jarrabawar WAEC da NECO kuwa, sai a ƙara musu da lesin bayan an tashi. Kullum kukanmu a ofishin malamai shi ne yaran yanzu ba sa mai da hankali. Ni ma na yi wannan kuka, har ranar da na kama kaina.

Watan Afrilu ne, bayan an dawo daga tara, rana ta take, ga rufin kwano babu silin. Na ba wa aji baya ina cika allo da rubutu. Da na waiwayo sai na hango wani yaro a bencin kusa da na ƙarshe, kansa ya rataya, biro a hannu, ya ja wani dogon layi tun daga tsakiyar shafi har ƙasa. Na sa shi tsallen kwaɗo. Ya dawo yana haki, ba a yi minti goma ba ya koma barcinsa. Da na bi benci-benci ina duba littattafan sauran, sai na tarar kowa ya kwafe abin da ke allo tsaf, har da inda na manta alamar ragewa lissafin ya karkace. Yara sama da 80, babu wanda ya ce, "Malam, nan fa?" Ashe masu ido biyun ma ba sa tare da ni. Hannu ne kawai ke aiki.

Abin ya sa na tuna makarantar allonmu. Mukan daɗe a zaune a kan tabarma, amma bakinka ba ya hutawa. Kana biya karatunka da ƙarfi, a kira ka gaban malam ka kawo hadda, ka tashi ka wanke allo, ka shanya, ka ɗauki tawada ka rubuta sabo. Babba kuma yana biya wa ƙarami. Ban ce babu dorina ba, akwai ta, amma ba ita ke hana mu barci ba. A ajin boko mun ɗauka yaron kirki shi ne wanda ya yi shiru na awa ɗaya da minti 20, alhali ko mu manya in aka kai mu bita, kafin a yi rabi an fara hamma ana latsa waya.

Yanzu ba na wuce minti 15 ina magana ni kaɗai. Sai in rubuta tambaya ɗaya da amsoshi uku, kowa ya nuna zaɓinsa da yatsu a ƙirjinsa, don kada ya kwaikwayi na gaba. In amsoshi sun rabu, sai in ce kowa ya juya ya shawo kan na kusa da shi, da Hausa ma in ya ga dama. Ajin yakan kaure kamar kasuwar Kurmi, sannan a sake zaɓe. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Eric Mazur, malamin kimiyyar fiziks a jami'ar Harvard, ya yi fice da irinsa tun farkon shekarun 1990, kuma shi ma a ɗakin lacca mai ɗaliban da yawa ya yi shi.

Ɗayan abin da na koya ya fi wuya, ko da yake ba ya cin ko sisi: yin shiru. Wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna a shekarun 1970 cewa malami in ya yi tambaya, kusan daƙiƙa ɗaya yake jira kafin ya amsa wa kansa ko ya nuna wani. In ya jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin sukan fi tsawo, kuma yaran da ba su saba ɗaga hannu ba sai su fara. Na gwada. Daƙiƙa ukun nan a gaban aji ji kake kamar shekara, amma daga bayan aji hannu ya fara tashi.

A tsakiyar darasi kuma nakan ce kowa ya miƙe ya yi miƙa, mai jin ƙishi ya sha ruwa. Minti uku ne. Wani mai duba makarantu ya taɓa shigowa daidai lokacin, ya ce ba na iya riƙe aji. Nan ne ƙorafina yake, Malam Edita. Muddin ana auna malami da shirun ajinsa da yawan shafukan da yara suka kwafa, to dole ya yi ta shifta, yara na ta gyangyaɗi, kowa na cewa an gama manhaja.

Na san ba duka laifin malami ba ne. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare, mu kuwa ninkinsu muke fama da shi. Yaron nan mai dogon layi, daga baya na gano shayi yake taya yayansa sayarwa har tsakar dare, kuma bai karya ba yake zuwa. Babu dabarar koyarwa da za ta cika masa ciki.

Amma akwai abin da shugabannin makarantu za su iya tun zangon karatu mai zuwa: a mayar da darussa masu minti 80 zuwa safe kafin tara, musamman daga Maris zuwa Mayu, a bar gajerun su zo da rana. Masu duba makarantu kuma in sun ji hayaniya a aji, don Allah su leƙa su ji abin da yaran ke gardama a kai kafin su ɗauki biro.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Wani malamin lissafi, Kano